Ɗabaƙoƙin Masu Mota a Kan Mas'alar Tabon Ruwa

Malaman fikihu, Allah ya saka musu da alheri, sun daɗe da kasa ruwa kashi-kashi, har mai Risala ya bayyana cewa ruwan da ƙasar da yake kwance a cikinta ta sauya masa launi, ta gishiri ce ko ta taɓo, bai fita daga tsarkinsa ba. Sai dai ba su bar mana hukuncin wannan ruwa a jikin mota ba, da yake abin hawa a zamaninsu raƙumi ne da alfadari, waɗanda ba a taɓa jin an kai su wurin mai fenti ba. Ruwan rijiya da na burtsatse, musamman inda dutsen farar ƙasa ya yawaita, irin su Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, inda saboda wannan dutse ne aka kafa masana'antun siminti, yakan taho ɗauke da narkakken alli, wato kalsiyam da magnisiyam a faɗar masana, wanda ido ba ya gani, ba a kuma gane shi sai in sabulu ya ƙi kumfa, ko farin ɓawo ya kwanta a gindin tukunyar mai shayi. Idan aka watsa wa mota irin wannan ruwa aka bar ta a rana, ruwan sai ya tashi abinsa, allin ya zauna, kowane ɗigo ya bar zobe fari. In kuwa aka yi sakaci har zafi ya gasa shi, to, ya ci cikin fenti ke nan, wanki ba ya fid da shi sai dai a kai ga injin gurza. Iyakar mas'alar ke nan, amma jama'a sun rarrabu a kanta mazhaba-mazhaba, kowa da hujjarsa.

Shugabansu shi ne mai waswasi. Wannan bawan Allah, tun ranar da ya sayi baƙar mota barci ya ƙaurace wa idonsa, domin kuwa duk sa'ad da ya fito daga masallaci sai ya kewaye ta yana sunkuyo yana karkata kai, ya lasa yatsa ya murza, kuma da zarar ya hangi ɗigo ɗaya sai ya ƙwala wa ɗan ga-ruwa kira, a sauke jarkoki a ƙofar gida da tsakar rana, lokacin da bonet ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. A sheƙa ruwa, kafin a zagayo gefen hagu na dama ya bushe, tabon da ɗazu ɗaya ne ya haifi ɗari; shi kuwa, maimakon ya tuhumi rana, sai ya tuhumi yaron wanki da ha'inci, ya ce a sake. Haka zai yi ta yi har la'asar, yana ƙara alli a kan alli da kuɗin aljihunsa, alhali kuwa israfi a ruwa abin ƙi ne ko ga mai alwala a bakin kogi. 'Yan ga-ruwan unguwa ba su da addu'a sai Allah ya ja zamanin Alhaji, ya kuma ƙara masa mota.

Kishiyarsa mai tawakkali ne, wanda ya sallama al'amarin motarsa ga damina. In ka yi masa magana sai ya ce da ƙasa aka yi mu, cikinta za mu koma, balle ƙarfe. Yara sun rubuta roƙon a wanke ta a gilashin baya, rubutun ya tsufa har wata ƙura ta binne shi. Ran da ruwan farko ya sauka, wanda rabinsa ƙurar sama ce, yakan fito ya tsaya yana murmushi, motar kuwa ta wayi gari da ɗige-ɗigen laka tun daga rufi har taya.

Wanda na fi jin tausayin motarsa shi ne mai tsumma, domin shi da kyakkyawar niyya yake ɓarna. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi ta shimfiɗa wa kowa a kan kayansa, za ka same shi kowace safiya da wata tsohuwar singileti da ya ɓoye a ƙarƙashin kujerar direba shekara da shekaru, yana murza busasshiyar mota kewaye-kewaye, yana gunaguni a kan masu ɓarnar ruwa. Abin da ya ɓuya gare shi shi ne, cikin wannan ƙura mai laushi a ido akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, kuma rufin nan mai sheƙi da ke saman launin motocin zamani kaurinsa bai wuce mikiron 50 ba galibi, wato bai kai kaurin takardar da kake karantawa ba. Saboda haka kowace murza tasa kankara ce, sai ran da hasken rana ya daki ƙofar a karkace ne zai ga zane-zane sun nannaɗe ta kamar saƙar gizo-gizo, ya rantse cewa 'yan baƙin ciki ne suka bi dare.

Sa'an nan ga mai ijtihadi, wanda bai yarda da taƙlidi ba, kuma kowane mako da sabuwar fatawa. Ya jarraba garin sabulun wankin tufa, wanda ke kwashe kakin da ke kare fenti ya bar shi tsirara. Ya jarraba toka da soson wanke-wanke. Ya shafa kananzir, motar ta yi ƙyalli na yini guda, ta kama ƙurar mako guda. Ya kai har ga man birki, wanda makanikai suka san yana cin fenti ci na haƙiƙa. Wata rana ya jiƙa kanwa, bisa ƙiyasin cewa abin da ya iya nuna wake ba zai kasa tabo ba. Amma a yi masa adalci, domin a cikin shirmensa ya taɓa dacewa da gaskiya, ranar da ya matsa lemon tsami ya ga farin zoben ya narke, saboda lalle alli ba ya jure tsami. Masu sani sukan gauraya ruwan khal rabi da tataccen ruwa marar alli rabi, su jiƙa tawul su ɗora a kan tabon a inuwa minti ɗaya ko biyu, su ɗauraye, su mayar da kaki, tun da tsamin ya tafi da na da. Shi kuwa gwanin namu, da ya ga abin ya ci, sai ya sayi lemo kwando guda, ya shafe motar kaf, ya tafi ɗaurin aure.

Akwai mai ruwan leda, wanda ya ji an ce laifin na burtsatse ne, sai ya hukunta cewa motarsa ba za ta ƙara wanka ba sai da abin da shi kansa yake sha. Yara su tsaya layi suna huda leda da haƙori, jaka ɗaya ƙulli 20, duka-duka lita 10, ga ƙofar gida ta cika da shara. Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa cewa da yawan wannan ruwa daga burtsatse aka ɗebo shi, kuma tace ƙazanta daban, cire alli daban.

Mai neman inuwa da mai tamfol 'yan uwan juna ne, duka sun guje wa rana sun faɗa wa wani abu. Na farko ya kafa motarsa a gindin darbejiya inda tsuntsaye ke majalisa da rana, jemagu su karɓa da dare, kashinsu kuwa tsaminsa na iya barin shaida a fenti cikin yini ɗaya na bazara. Na biyu ya lulluɓe tasa da ƙurarta, iska ta kwana tana kaɗa tamfol, tana yi masa aikin mai tsumma kyauta.

Ba zan tsallake dattijo mai Fijo 504 ba, ko don girman furfura. Tasa haɗin Kaduna ce, inda aka soma haɗa su a 1975, kuma ba ka gama gaishe shi ba zai ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa ya ce, "Ɗana, saurara ka ji ƙarfe." Yana da gaskiya ta wani wajen, domin yawancin fentin wancan zamani launi ne tsantsa ba rufi a samansa, in ya dushe a gurje shi da man gogewa har tsumma ya rine, sabon launi ya fito daga ƙasa, har yau kuma yana ajiye da gwangwanin kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a ƙasar Barazil, ba ya bari jika ya taɓa. Fitina ba ta tashi ba sai ran da ya ga tabo a jikin 'yar Kwatanon ɗansa, ya ɗebo ƙarfinsa na da ya hau gurza, yana jiran tsumma ya rine. Da kuwa ya rine, rufin ya riga ya huje.

A ƙarshen sahu, inda ba a waiwaya, akwai tsohon direban wani gida, wanda shi kaɗai ya riƙe mas'alar yadda take, ko da yake ba a taɓa neman fatawarsa ba. Yakan fara da an sallame asuba, ƙarfe na da sanyi, ya soma kwarara ruwa don ƙura ta sauka da kanta kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu gare shi, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso. Daga rufi yake gangarowa, taya ce ƙarshe. Kuma ba ya barin ɗigo ya bushe don kansa, sashen da ya ɗauraye nan take yake tsane shi da tawul mai laushi, bayan 'yan watanni kuma, in ya ga ruwa ya daina dunƙulewa a kan bonet, ya sake shafa kaki. Yana cikin tsane ƙofar ƙarshe maigida zai fito da hantsi yana gyara babbar riga, ya ce, "Malam, har yanzu? Kai dai akwai nawa." Direba ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Sai maigida ya hangi 'yar ƙura a murfin but, ya ɗauki tiyo da hannunsa mai albarka, ya feshe motar tun daga gaba har baya, ya shiga ya zauna, ya ce a kai shi Kantin Kwari, kuma a ajiye ta a fili inda zai riƙa hango ta daga shago.