Baki Ɗari, Hannu Biyu

Ranar suna gidanmu na Treichville ya yi wa jama'a kaɗan. An yanka rago, an ci shinkafa, haifaffun Abijan suka ce su sai da acheke, aka ƙaro musu. Duk macen da ta ɗauki jaririya sai ta ce, "Maman Baffa, ko tsakar dare ne ki kira ni." Da magariba na ƙirga abin da aka bar mini: faranti 46 marasa wanki, turmin atamfa uku, sabulai, da alkawari kusan buhu guda. Bayan kwana biyu maigida ya rataya jaka ya nufi Buwake wajen kasuwancinsa, wai ai mata sun ce za su riƙa leƙowa. Har yau suna hanya.

Aka bar ni da Baffa ɗan shekara bakwai, da Uwani 'yar shekara uku, da jaririyar da ba ta san dare ba balle rana.

Gidan namu harshe biyu gare shi. Ni 'yar Maradi ce, a nono na sha Hausa. Ubansu a nan aka haife shi, Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki, in ransa ya ɓaci sai Faransanci. Masu ilimi sun ce yaron da ya tashi da harshe biyu ya ci riba. Ban musa ba, na ga ribar da idona, sai dai ba aljihuna take shiga ba. In na ce, "Baffa, miƙo mini tsumma," sai ya zuba mini ido ya ce "Quoi?" kamar Baturen da ya sauka daga jirgi jiya. Amma in na raɗa wa maƙwabciya cewa akwai sauran nama a tukunya, daga bakin titi zai jiyo. Hausar aike ce ba ya ji, Hausar nama kuwa ko ni sai ya koya mini. Uwani ba ta da haɗama, kalma ɗaya ta ɗauka daga kowane ɓangare: "a'a" da "non", tana jera su tare don kada wani ya ce bai gane ba. Ita kuwa jaririya harshe na uku take yi, wanda babu lakwal ɗin da ake koyar da shi, kuma ƙarfe uku na dare take buɗe aji.

A gida mai jego sarauniya ce ta kwana 40. Ana hura wuta tun asuba, a tafasa ruwa da ganye, wata tsohuwa ta yi mata wanka safe da yamma, a dama kunun kanwa, a gasa mata nama da yaji, manyan yara kuma goggo ta kwashe su. A Treichville ni ce mai jego, ni ce tsohuwar, ni ce goggon. Wankan jegona buta ɗaya ce a kan gas, ina yi Uwani tana dukan ƙofa da cokali.

Inna ta so zuwa, amma tsakanin Maradi da Abijan akwai fiye da kilomita 2,000, gwiwoyinta kuma sun ce ba da su ba. Sai ta aiko da saƙo ta motar safa, aka ce in je tashar Ajame in karɓa. Ranar ina da kwana 23 da haihuwa.

Muka shiga motar hayar da ake kira woro-woro. Sunan daga Julanci yake, "woro" shida ke nan, saboda a da dala shida ake biya. Yanzu dala shida ko gaisuwar direba ba za ta saya maka ba. Muna kan gadar Houphouët-Boigny, wadda tun 1957 take ɗaukar nauyin mutane ba ta yi ƙorafi ba, Baffa yana tambayata da Faransanci ko akwai kada a cikin ruwan, sai Uwani ta yi amai a cinyar wani mai kwat. Wannan kam bai nemi tafinta ba.

Wanda bai ga tashar Ajame ba zai ɗauka tasha ce. Gari ne da aka manta ba a yi masa sarki ba. Ga motocin gbaka suna shiga suna fita, yaran mota na reto a ƙofa suna kiran Abobo da Yopugon kamar masu neman ɓataccen ɗa. Ga 'yan kamasho, waɗanda a nan ake kira gnambro, suna karɓar kuɗi a kan fasinjan da ya kawo kansa da ƙafarsa. Ga masu baro suna "hanya, hanya" bayan sun riga sun taka ka. Na tambayi motarmu, aka ce tana Yamusukuro. Bayan awa uku na sake tambaya, aka ce ta kusa Yamusukuro.

A wannan zaman jira ne majalisar masu ba da shawara ta zauna a kaina.

Wani Alhaji ne ya buɗe taro daga teburin mai shayi, irin wanda mutanen Abijan ke kira "aboki" saboda 'yan uwanmu ne ke riƙe da sana'ar. "Subhanallahi! Baiwar Allah, mai jego a tasha? Ba ki yi arba'in ba fa." Na ce, "Wallahi Alhaji, babu mai karɓo mini ne." Ya girgiza kai don tausayi, kofi a hannun dama, carbi a hagu, babu hannun da ya rage. Da ya ji Baffa yana Faransanci sai ya ƙara da cewa mu matan yanzu mu ne muke kashe Hausa.

Bai rufe baki ba wata madam mai tabarau ta karɓa. A ganinta Hausar ce matsalar, in daina yi musu ita gaba ɗaya kada kansu ya ruɗe a lakwal. Ta yi bayani mai tsawo da irin Faransancin da ya fi ƙarfin nawa na kasuwa, na juya ga Baffa ya fassara mini. Ya yi gyaran murya ya ce, "Maman, ta ce ki saya mini garba."

Garba dai acheke ne da soyayyen kifin tuna, kuma daga sunan mazanmu 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo sunansa. Abin alfahari ne. Mazanmu sun ciyar da Abijan har aka raɗa wa abinci sunansu, suna soya kifi tun safe har dare ga duk mai wucewa. Amma mutum ɗaya daga cikinsu ya shigo gida, ki ce ya ɗora ruwan zafi, sai ya tsaya tsakar ɗaki yana tambaya ina ake ajiye ashana.

Wata kuma da ta ce ma'aikaciyar asibiti ce, jin cewa kanwa nake jira sai ta ɗaga yatsa. Ta yi gaskiya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa. Tana cikin magana saƙon muryar Inna ya shigo ta WhatsApp: in sha safe da yamma, kada in saurari 'yan boko. Wata Bajula ta ce in sa wa jaririya hula, iska. Ta kusa da ita ta ce in cire, zafi. Sau huɗu hular nan tana hawa tana sauka.

Sai komai ya haɗu lokaci ɗaya. Mota ta iso, ana kiran masu saƙo. Uwani ta matse ƙafa tana "pipi, fitsari, pipi", yau kam harsunan biyu sun yi ittifaƙi. Jaririya ta ɓare baki. Baffa ya bi wani mai sayar da balan-balan. Na duba majalisa: Alhaji ya tuna bai yi la'asar ba, madam ta sami kira, sauran sun zama 'yan kallo.

Wata Baule mai suyar aloko a gefe ta sauke matsami, ta goge hannu a zane, ta ce, "Yako." Sannu ke nan a bakinsu. Ba ta tambaye ni ina mijina ba. Ta karɓi jaririyar ta ɗora a kafaɗa, ta nuna mini bayan wata rumfa da haɓa. Na kai Uwani, na kamo Baffa da kunne, wanda shi ma harshe ne da kowane yaro ke ji, na karɓo ƙullin Inna: kanwa, gero, yaji, daddawa.

Da na dawo jaririya ta yi barci. Matar ta miƙo mini ita, sannan ta gyara tsayuwa, ta ɗaga yatsa, ta shiga ba ni shawara ita ma. Ta yi minti goma tana yi, tana nuna hular, tana nuna ƙirjina, tana nuna sama. Da Baulanci take yi, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na dubi Baffa, ya ce shi ma bai iya ba, na ce alhamdulillahi. Na yi ta gyaɗa kai ina "to, to", kuma tunda na haihu ban ji shawarar da ta kwanta mini a rai kamar wannan ba.