Kawu da Abincin Masu Taurari a Dubai

Kawuna ɗan kasuwar Kantin Kwari ne. Ya fi shekara goma sha biyar yana zuwa Dubai saro kaya, amma iyakar Dubai ɗinsa daga masauki a Deira zuwa kasuwar Naif, sai wurin masu kago. A tafiyar da ya ɗauke ni rakiya ne wani maƙwabcin shagonsa ya ɗora hoto a WhatsApp, ya harɗe gaban farar tasa, Burj Khalifa na leƙowa ta bayan hularsa. Kawu ya ƙura wa hoton ido har wayar ta yi duhu don kanta.

Ya ce, "Kai ɗana, nemo mana inda manya ke cin abinci. Yaron da na koya wa auna yadi ba zai fi ni hoto ba."

Tun 2010 aka buɗe dogon benen nan mai mita 828, Kawu bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba sai ran nan.

Na shiga intanet. Kowane gidan abinci ya ce shi ne na ɗaya, kowanne da hoton wata baiwar Allah ta rufe ido tana tauna. Na ce wa Kawu masana sun ce a bi taurarin Michelin. Ya ce su wane ne? Na yi masa bayani: kamfanin taya ne na Faransa, a 1900 ya fara buga ɗan littafi da ke nuna wa direbobi inda za su ci su kwana, don su yi ta yawo taya ta cinye su sayi sabuwa. A 1926 suka fara raba wa gidajen abinci taurari, Dubai kuma ta samu nata littafin a 2022.

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wato mai faci ne zai gaya mini inda zan ci abinci?"

Duk da haka muka kama wuri, aka ce sai nan da kwana uku. Ran zuwa Kawu ya ci ado da shadda mai maiƙo, ya kafa zanna bukar, ya ƙi cin komai tun rana wai yana share fili.

An zaunar da mu a wani ɗaki mai duhu-duhu kamar an ɗauke wuta. Gaban kowa cokula da wuƙaƙe jere, sai ka ce za a yi wa wani tiyata. Wani saurayi ya kawo tasa mai faɗin faifai, a tsakiyarta wani abu kamar ƙwayar gurjiya, an ɗora masa kumfa da ɗan ganye guda. Ya tsaya ya yi mana jawabin minti uku a kan asalin ganyen nan da tsatsonsa. Kawu ya jefa abin a baki, ya gyaɗa kai, ya ce mini, "Gaya masa na ɗanɗana, ya yi. A kawo."

Na ce, "Kawu, ai shi ke nan an kawo."

Haka aka yi ta yi har zagaye bakwai. Na huɗu ya zo cikin wani murfin gilashi, ana ɗagawa hayaƙi ya turnuƙe teburin. Kawu ya ja da baya yana a'uzubillahi, amma hannunsa na dama ya riga ya zaro waya. Nan na gane inda muka kwana a zamanin nan. Da can bismilla ake farawa da ita. Yanzu sai an ɗauka ta sama, an ɗauka ta gefe, an matsar da kofi, abinci ya huce, sannan a tuna da Ubangiji. Ni ma na ɗauka, kada in yi ƙarya.

Da nama ya zo, an dai nuna masa wuta daga nesa. Kawu ya yanka ya ga ja, ya ce mai tsire a Kano ya ba shi wannan sai sun dangana da mai unguwa. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin yaji a farar leda, ya barbaɗa a natse.

A teburin gefenmu akwai wani Alhaji da Hajiyarsa. Tun shigowarmu na san namu ne, ga lalle ga mayafi, amma Turanci suke ta yi ta hanci, Kawu ya yi musu sallama suka amsa da gira. Ƙamshin yajin nan na bugun su Hajiya ta zunguri maigidan. Ya taso a hankali, ya sunkuyo, ya ce cikin Hausar da ba ta da gargada, "Alhaji, don girman Allah a ɗan sam mana."

Takardar kuɗi ta zo cikin wani ɗan akwatin fata. Har ruwan da muka sha an sa masa kuɗi, kwalba ɗaya ta fi kuɗin motar da ta kawo mu. Kawu ba ya lissafi da dirhami ko naira, da bandir ɗin shadda yake yi, na ga leɓensa na motsi. Don cika al'ada na ce, "Kawu, bari in biya," na cusa hannu a aljihun da na san ba komai ciki. Ya ce, "To." Sai da ya ga gumi ya keto mini sannan ya miƙa katinsa.

A tasi ya ce in tambayi direban, wani ɗan Pakistan, inda shi yake cin abinci. Mutumin ya sauke mu a wani lungu a Deira, kujerun roba, tasi-tasi jere a ƙofa. Aka dire mana tire na biriyani da naman rago, ga gurasa mai zafi, ga shayin karak. Kawu ya naɗe hannun riga, ya ture hula ƙeya, ya kai loma biyar kafin ya ce uffan. Na ɗaga waya, ya ce, "Kul, kada ka kuskura."

Hoton hayaƙin nan shi ya ɗora, ya rubuta a ƙasa: "Ɗan abin taɓawa, Alhamdulillah." Ba a yi minti biyu ba saƙon maƙwabcin shagonsa ya shigo: "Alhaji, sannu da ƙoƙari. In kun fito akwai mai biriyani a bayan Naif, can ni ma na je na ƙoshi."