Mutanen da Bututun Kifi Ke Tona wa Asiri

In kana son sanin halin mutum, ba sai ka ba shi bashi ba. Jira ranar da zai sayi akwatin gilashi na kifin ado, ya zo haɗa fayif ɗin da ke kai ruwa matata ya dawo da shi, ya tarar fayif na milimita 32 ne, soket kuwa na inci ɗaya. Fayif ɗin roba da ake kira inci ɗaya, faɗinsa daga waje milimita 33.4 ne, ba 25.4 da aka koya mana a aji ba. Na 32 yana shiga soket ɗin inci ya yi ta rawa, na inci kuwa ko kansa soket ɗin 32 ba ya karɓa. Haka inci ɗaya da rabi, mai 48.3, yake fama da 50, inci biyu mai 60.3 yake fama da 63. Najeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, amma bakin kasuwa bai bi ta ba.

Kowa daga hannun mai shago yake fara tashi. Ko me ka tambaye shi amsa ɗaya ce: "Alhaji, duk ɗaya ne." Ba ƙarya yake nufi ba. Haka ubangidansa ya koya masa, kuma a magudanar wanke-wanke ba wanda ya taɓa kawo ƙara. In ka koma masa da kukan yoyo, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce gam ne bai ji ba, ya miƙo maka wani gwangwanin.

Wanda ya karɓa shi ne mai imani da gam. Bai san gam ɗin fayif ba cike rami yake yi ba: narkar da fatar robar yake, ta nan da ta can, su haɗe su zama abu guda, don haka dole su matse juna tun kafin a shafa. Shi dai zabgawa yake har ya riƙa ɗiga, warin ya kori yara daga falo. Haɗin yakan yi masa kara na kwana biyu, sa'an nan ya zaɓi tsakar dare.

Mai ƙarfi ba ya ɓata lokaci da gam. Guduma yake nema, yana cewa ai zai shiga. Yakan shiga ɗin kuwa, tare da tsagewar soket, wani lokacin har da gilashin da aka huda masa. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, akwati mai lita 200 kuwa ba ya ba da sanarwa. Uwargida na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya: "Sannu da aiki, maigida. Ɗaya kifin naka yana ƙarƙashin kujera."

Mai wuta kam ina ganin girmansa, ba zan ɓoye ba. Zai yage takardar buhun siminti ya kunna, ya riƙa juya bakin fayif a saman harshen wutar da yatsu biyu, yana latsawa lokaci-lokaci don ya ji ko ya nuna. Da ya yi laushi sai ya zura ɗan'uwansa a ciki, ya murɗa kaɗan, ya watsa masa ruwa. Ga soket an ƙera daidai jikin fayif, ba inci ba milimita. A bututun da ruwa ke gangarowa da kansa dabarar takan yi aiki shekara da shekaru. Matsalarsa ba ya bambanta wannan da wanda inji ke tunkuɗa ruwa a ciki, kuma in hira ta yi daɗi robar takan ƙone ta yi baƙi ta bushe, bakin ya karkace. Ka ce masa wannan hayaƙin ba na shaƙa ba ne, ya ce tun kana goye yake shaƙarsa. Ana gane shi a taro: bayan hannunsa na dama ba gashi.

Mai robar tayar keke yana ɗaurewa ne kafin gobe, ya ajiye bokiti a ƙasa. Bokitin ya riga ya zama kayan ɗaki.

Sai mai odar waje, wanda kayan gida ba sa cika masa ido. Ya sayo injin ruwa daga Amurka, ya zo ɗaura masa kan da aka saya a nan. Zaren ɗauri irin na Ingila da ke jikin wannan kan, wanda ya samo asali daga tsarin Joseph Whitworth na 1841, kusurwarsa digiri 55 ce, na Amurka kuwa 60. A rabin inci dukansu zare 14 ne a kowane inci, shi ya sa yake shiga ya juya sau biyu ko uku, ya yaudari mutum kafin ya cije. A inci ɗaya na Ingila 11 ne, na Amurka 11 da rabi. Sai ya ɗauko farin tef ya yi ta naɗi har bakin ya koma kamar rawanin hakimi. Shi ne kuma yake auna maganin kifi da galan, bai lura ba galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. In kifin ya juya ciki sama, laifin ruwan ƙasar nan ne. Abokinsa na Maraɗi yana yi masa dariya, wai su tun zamanin Faransa milimita suka sani, alhali kan da yake kira 26/34 shi ne dai zaren inci ɗaya na Ingila.

Akwai mai tagulla, wanda ya raina roba ya sa kan famfo na ƙarfe don ya fi ƙarko. Yoyo babu. Jan ƙarfen da ke cikin tagullar dai yana tsatsowa a hankali cikin ruwan da ke zagayawa wuri ɗaya, dodon koɗi da jatanlande su fara tafiya, kifi su yi ta rashin lafiya. Shi a wurinsa kambun baka ne, har ya san baƙon da ya yaba kifin bai ce tubarkalla ba.

Mai lissafi yana da ma'aunin kauri da littafi cike da lambobi, duk daidai. Akwatin nasa yanzu takardun makarantar yara ne a ciki.

Na ƙarshe ba shi da labari. Yakan yanki guntun fayif ɗinsa ya jefa a aljihu, ya je kasuwa ya gwada da hannunsa, sai ya ji ya shiga da matsi kafin ya biya. In kayan biyu sun saɓa, ya nemi mahaɗi mai baki biyu, gefe na 32, gefe na inci, ko ya raba gardamar da guntun tiyo da maɗauri. Ya bar gam ya kwana, ya cika ruwa, ya zuba wa haɗin ido kafin kifi ya shiga. Ran Juma'a surukinsa mai wuta ya zo gaisuwa, ya tsuguna ya shafa haɗin sama da ƙasa, ya tambayi kuɗin mahaɗin. Da ya ji, sai ya riƙe baki: "Haba Malam, da ka aiko yaro ya kira ni."