Siririyar Waya, Jibgegen Kaya

Kamfanonin waya sun shiga gasar rama. A watan Mayun 2025 Samsung ya fito da Galaxy S25 Edge mai kaurin milimita 5.8. Satumba na kamawa Apple ya ce ai ba a yi komai ba tukuna, ya saki iPhone Air mai milimita 5.6, ya lafta mata dala 999. Mu da ba mu taɓa auna komai da milimita ba, hatsi da kwano, yadi da kamu, nisan tafiya da "nan kusa ne", muna jin labari a TikTok muka gano cewa wayoyin da ke aljihunmu sun yi mana ƙiba.

Sai dai dala 999, tun da aka sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, kuɗi ne da saurayi zai zauna ya yi shawara tsakanin waya da akwatin lefe. To amma Allah ba ya barin wani don wani ya ji daɗi. Sai ga Tecno da tasa, Spark Slim, kaurinta milimita 5.93, batirinta 5,160 mAh, kuma kuɗin iPhone Air guda sai ya sayi irinta uku a miƙo maka canji.

Mutanen nan ba yau suka san mu ba. Uwar kamfanin, Transsion, tana birnin Shenzhen na ƙasar Sin, ita ce kuma mai Infinix da itel. Tun wajen 2008 suka juyo Afirka suka zauna suka karance mu. Suka ga mutum da layi biyu saboda sabis ɗin ɗaya ba ya shiga ɗaki sai an hau katanga, suka yi waya mai cin layi biyu. Suka ga in an ɗauki baƙin mutum hoto da daddare haƙora ne kawai ke fitowa, suka gyara kyamara. Suka sa Hausa a cikin waya. Yau kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka daga gidansu suke fitowa. Wanda ya karance ka har haka ba zai rasa sanin kana son abin manya a kuɗin yara ba. Ita iPhone Air ko ramin saka layi ba ta da shi, sai eSIM. Je ka yi wa ɗan Kantin Kwari mai layi uku wannan bayani, in ka gama ka zo ka ba ni labari.

Wanda yake son ya ga yadda muke gwada waya, ya je Farm Centre a Kano, ko Beirut Road, ya sami gefe ya tsaya. Mai saye zai karɓe ta da hannu biyu, ya juya ta ta gefe, ya kanne ido ɗaya yana leƙen kaurinta, ya ɗaga ta sama ya ga ko haske zai ratsa, kamar mai cinikin kilishi. Sannan ya juya bayanta ya ƙirga idanun kyamara. Wannan shi ne babban gwaji. Ido uku ya fi biyu, ko da na ukun ado ne, domin a kasuwar wayoyi masu araha akwai idanun da tun da aka ƙera su ba su taɓa ganin kowa ba.

"Tana riƙe caji?"

"Haba Alhaji! Wannan sai ka manta inda ka ajiye caja."

"Ram ɗinta fa?"

"Takwas da takwas, sha shida ke nan. Wallahi ko Sanata ya riƙe ta ba zai ji kunya ba."

Alhajin, wanda bai taɓa wuce Zariya ba, sai ya gyaɗa kai. Ba wanda zai gaya masa cewa takwas ɗin farko ce ta gaskiya, ta biyun aro ce ake yankowa daga ma'ajiyar hotuna, kuma ba ta da saurin ta ainihi. Haka ma megafiksel 50 da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali: yawancin irin waɗannan kyamarori suna haɗe ɗigo huɗu ne su zama ɗaya, hoton da zai fito bai fi na 12 da ɗoriya ba. Hoton yana da kyau da rana. In an yi magariba kuwa, kowa a gidan biki sai ya fito da fuskar kawunsa. Tambayoyin da za su amfane shi, nawa ne kuɗin gilashi in ya fashe, shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta manhajarta, ko lambar da ke fitowa in an danna *#06# ta yi daidai da ta jikin kwali, waɗannan ba a yin su. Yin su yana nuna kamar mutum ba shi da kuɗi.

An yi ciniki, an ce albarka sau biyu, an sallama. Daga nan zuwa teburin mai sikirin gad taku uku ne, kuma taku ukun nan su ne iyakar rayuwar siririyar waya a matsayin siririya. Yaron zai goge fuskarta da tsumma, ya liƙa mata gilashi, ya bi kumfar iska da katin ATM yana korarta zuwa gefe. Kafin ya gama, maƙwabcinsa ya miƙo riga.

"Oga, irin wannan ba a barinta tsirara. Sulɓi gare ta. Gilashinta mai lanƙwasa ne, in ya taɓa ƙasa ka sayi wata kawai."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin haushin ke nan. Sai a zaɓi riga, ba kuma 'yar shara-shara ba, irin mai kusurwoyin roba da zobe a baya da ƙafar jingina don kallon fim. Cikin rigar nan za a cusa takardar NIN da aka ninke huɗu, da katin banki, da 'yar dubu ɗaya ta ko-ta-kwana, da rasit ɗin mai POS na kuɗin da aka cire ba su fito ba. Na ga wanda ya ƙara da hoton fasfo guda biyu. Daga ƙarshe a sayi fawa banki mai 20,000 mAh, wanda nauyinsa ya doshi rabin kilo, a haɗa shi baya da baya da wayar, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000, wadda muke yi wa dariya yanzu, kaurinta milimita 22 ne, nauyinta giram 133. Abin da mutumin nan ya fito da shi daga kasuwa ya fi ta kauri, ya ninka ta nauyi, aljihun gefen rigarsa har ya karkace. Injiniyoyin Shenzhen da suka yi wata da watanni suna kankarar milimita, da za su gani da sun nemi canjin sana'a.

Ban ga laifinsa a fawa banki ba. Masu gwada waya a YouTube suna gwadawa ne a ɗaki mai sanyi, soket na aiki a bango. Su zo su gwada a inda "an kawo wuta" labari ne da yara ke shela da ihu. A watan Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun yi fiye da mako guda a duhu, masu shagon caji suka zama manyan gari. Nan ake gane darajar waya. Ana jera su a kan katako, mai tsada kusa da mai araha, kowace an manna mata lamba da farar takarda, janareto na ruri. Mai shago bai san siririya ba, abin da ya sani bakin caja ne: "Taif-si ce ko ƙaramin baki?"

A nan dole a yaba wa 'yar arahar. Batirin 5,160 mAh a jiki mai wannan rama ba ƙaramin aiki ba ne, tunda ita iPhone Air da duk tsadarta 3,149 gare ta. Kira, WhatsApp, tura kuɗi, karatun labarai, sauraron tafsiri, duk za ta yi ba tare da ƙorafi ba. Abin da ba ta so shi ne zafi. Batirin lithiyum yana saurin tsufa in yana shan zafi, Apple ma da kansa ya ce kada zafin wuri ya wuce digiri 35 in ana amfani da wayarsa. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, digiri 35 ai sanyin safiya ne. Ga riga mai kauri ta hana ta shan iska, ga ta jone da caji, ga mai ita yana kallon TikTok a bayan A Daidaita Sahu da tsakar rana. In ta ɗau zafi ta fara jan ƙafa sai ya ce Sinawa sun cuce shi.

Babban abokin gabarta kuwa yana cikin dangi. Gigabait 128 ko 256 abu ne mai yawa har ranar da aka saka ka a zauren WhatsApp na zuri'ar kaka, da na 'yan ajinku na firamare, da na masallacin unguwa, da na kwamitin bikin da aka gama tun bara amma ba wanda ya yi ƙarfin halin fita. Kowace Juma'a hoton fure da masallaci zai shigo daga mutum ashirin, hoto ɗaya ne, kowa ya turo nasa. Gwaggo ba ta rubutu, murya take turowa, minti tara, bakwai gaisuwa ne, saƙon yana can ƙarshe bayan an kori akuya. Akwai bidiyon maganin basir, da na sanarwar cewa kada a ɗauki kiran wata lamba, da na ɗaurin auren wanda ba ka sani ba. Ba a gogewa, don wai wata rana za a nema. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, amma ban ga zauren da ya rage turo fure ba. Abin da ya ƙaru shi ne masu matsowa kusa da kai a majalisa suna cewa, "Yaya, ɗan jona ni, saƙo ɗaya kawai zan duba." Saƙon fim ne mai dogon zango, kashi na 40.

A gida kuma yara na jira. Waya mai santsi, marar nauyi, daidai hannun ɗan shekara uku mai maiƙon ƙosai. Da yawa cikin siraran nan ba su da ramin iyafis, ba wurinsa, don haka duk abin da yaro ya kunna sai gida ya ji, har da saƙon muryar da maigida ya so ya saurara shi kaɗai.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, wayar da aka saya don a gani ba ta ganuwa. A majalisa ana ajiye ta a kan benci, a kife, idanu a sama, a riƙa ɗagawa ana dubawa ko ba wanda ya kira. Amma da an tashi za a shiga titi, musamman bayan magariba, sai a tura ta can ƙuryar aljihun ciki, don masu ƙwacen waya ba wasa suke yi ba, kuma ba abin raha ba ne. Sai a fito da rakani-kashi. Ita ce mai layin banki, ita ce mai tocila, ita ake kira a samu, tana kwana huɗu ba ta ga caja ba, ta faɗi ta tarwatse gida uku a haɗa ta ci gaba da aiki. Duk wahalar gidan a kanta take, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ajiye ta a kan benci a majalisa ba.

Akwai kuma masu ɗauka bashi, a biya kaɗan-kaɗan kowane wata. Tsari ne mai sauƙi, sai dai wayar ta san ranar biya fiye da mai ita, in an saɓa sai ta kulle kanta. Wani matashi a unguwarmu ya je zance da tasa, ya miƙa wa budurwa ta ga hotunan Sallah, ta dawo masa da ita cikin ladabi tana cewa, "Ga shi, wai ka biya kuɗin wannan watan." Ya ce matsalar netwok ce.

In ka tambaye ni ko a saya, sai in ce a saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba ya buga manyan wasanni, ba ya ɗaukar bidiyon biki don sana'a, za ta yi masa aiki shekara biyu ko uku in ya raba ta da rana da yara. Wanda kuma yake yini a kasuwa ko a gona ko kan babur, da ya sayi mai ɗan jiki da gilashi miƙaƙƙe a kuɗin da bai kai haka ba, da ya huta, don in ta faɗi gyaranta ba zai kai shi ga sayar da tunkiya ba. Na san ba zai ji ba. Na gaya wa ƙanena haka, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Gaskiya ne, Yaya," ya tafi ya sayo mai lanƙwasa.

Ba za a daɗe ba wata za ta fito da ta fi ta rama da abin da ido ba ya gani, sai a koma kasuwa neman canji a cika kuɗi. A tuɓe mata riga, ƙura da tsofaffin rasitai su zubo a kan kanta. Dillali ya juya ta, ya danna gefe, ya taɓe baki.

"Alhaji, ai an daina yayin wannan. Akwai kwali?"

Kwali yana nan a kan wadirob, an adana shi fiye da takardar haihuwa, sai dai uwargida ta zuba allura da zare da maɓallai a ciki.

"To ba kwali, ba rasit, ga ɗan tabo a kusurwa. Don dai kai ne, zan ba ka rabi. Rigar kuwa bar min ita, akwai mai so."