Ƙa'idojin Yi wa Injin Jirgin Ruwa Juye, Domin Makanikan Limawa

Juye, a harshen gareji, shi ne fitar da baƙin man da ya gaji a cikin inji a zuba sabo, kuma aiki ne da makanikin unguwar Limawa da ke Minna yake yi ko da cikin barci, matuƙar injin yana bisa tayoyi. Unguwar ba ta da kogi, in ban da abin da kwatoci ke tarawa a watan Agusta, saboda haka wanda aka kira aikin jirgi sai ya bi hanyar Kuta zuwa tafkin Shiroro, inda madatsar da aka kammala a 1990 ta tare kogin Kaduna. Kwale-kwale masu injin rataye, wanda ake gauraya wa mai da fetur, ba sa cikin wannan babi. Magana ana yin ta ne a kan injin ciki, wato na dizal da aka girke a tsakiyar jirgi.

Sharaɗi na farko shi ne a bar kwali a gida. Makaniki ya saba shimfiɗa shi ya shige ƙarƙashin mota ya kwance notin da ke gindin inji, amma ƙarƙashin jirgi ruwa ne, wanda ya nace sai ya shiga kuwa zai buƙaci masunta fiye da sifana. Abin da ake yi shi ne a tayar da injin na mintuna 10 domin man ya yi ɗumi ya saki jiki, a kashe, sannan a zura siririyar mesa ta ramin geji, wato sandar da ake auna mai da ita, a zuƙo shi da famfon hannu. Zuƙa da baki, wadda ta yi wa masu bumburutu rana, ba ta da gurbi a nan, domin zazzafan baƙin mai ba shayi ba ne.

Launin abin da ya fito shi ne shaida. Baƙi wuluk lafiya ce. In kuwa ya yi kama da kunun gyaɗa, to ruwa ya shiga injin, kuma ya halatta makaniki ya girgiza kai sau uku kafin ya ambaci kuɗi. Daga nan sai a sauya filta, a shafa wa robar bakinta mai, a ɗaure da hannu, a zuba 15W-40 daidai layin geji. Ana maimaita hakan bayan kimanin awa 100 na aiki, lissafin da mai jirgi kan fassara da "bayan Sallah", ba tare da fayyace wacce ba.

Tsohon man ba a zubar da shi a tafki, domin kifin da ya sha shi yana iya riga makanikin isa kasuwar Minna. A jarka ake ɗura shi, a kawo wa kafintoci su shafe katakon rufi saboda gara.