Hasken Aro

A watan Fabrairun 1901, wani malamin coci mai sha'awar taurari a birnin Edinbura na Sikotilan, Thomas Anderson, ya ɗaga kai cikin dare ya ga baƙon tauraro a rukunin da ake kira Perseus. Kafin kwana biyu baƙon nan ya shiga sahun taurari mafiya haske a sama. Labari ya bazu, masana suka juya na'urorinsu gare shi, kowa na tambaya daga ina ya fito.

Ashe ba baƙo ba ne. Ya daɗe a wurin, dishi-dishi, ido ba ya ganinsa sai da na'ura. Tsohon tauraro ne da makamashinsa ya ƙare, ya tsuke har girmansa bai wuce na duniyarmu ba, irin wanda masana ke kira farin wada. Ba shi da abin ƙonawa nasa na kansa. Amma yana da abokin zama, tauraro mai sauran ƙarfi, suna zagaya juna kusan duk kwana biyu. Daga jikin wannan abokin yake zuƙo iskar haidurojin, kaɗan-kaɗan, ba dare ba rana, yana tarawa a kansa. Da abin ya yi yawa, zafi da nauyi suka kai maƙura, sai ya kama da wuta gaba ɗaya. Wannan ƙonewar ce aka gani aka yi ta mamaki.

Abin da ke ci mini rai a labarin nan shi ne yadda ya ɓarnatar da abin. Dukiyar da aka ɗauki zamani mai tsawo ana tatsa daga jikin wani, a 'yan kwanaki ya watsar da ita sararin sama, kamar mai liƙi a gidan biki da kuɗin da aka ba shi ajiya. Har yau ana hango tarkacen yana bajewa. Shi kuwa mai kayan, babu wanda ya san da shi a lokacin, balle a yaba masa ko a tausaya masa. Sai bayan shekaru masu yawa bincike ya nuna cewa su biyu ne a wurin, kuma ɗaya ne ke ciyar da ɗaya.

Hasken bai yi ƙarko ba. Ya yi ta raguwa har ya koma inda yake a da, 'yan kallo suka watse. Aka sa masa suna GK Persei, aka jera shi cikin taurari masu sauya haske.

Wani zai ce ai ya ji jiki, ya daina. Ko kusa. Tun wajen 1980, kusan duk bayan shekara uku sai ya ɗan yi walƙiya na kamar wata biyu, ya sake lafawa, alamar har yanzu bakinsa na jikin abokin zamansa. Abokin nan kuwa yana nan yana zagaya shi, yana ramewa.