Baƙin Lambu, Kowa da Abin da Ya Kawo Shi

Da zarar sanyin hunturu ya kankama, kwandunan tumatir suka fara jeruwa a bakin titin Kano zuwa Zariya, lokacin ziyarar lambu ya yi ke nan. Ƙungiyar unguwa, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko ta ma'aikatan wani ofis, sai ta haɗa kuɗin mota a tafi Kura ko Kadawa ko Bunkure a ga yadda ake noman rani. Wurin kuwa ya isa a je a gani. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake bin magudanai yana ratsa gonakin yankin, ƙasar da a da take kwance tun daga kaka har faɗuwar damina ta koma ba ta hutu: shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani. Sai dai a motar da ta ɗauko mutum goma sha takwas, da wuya ka sami uku da lambun ne ya fito da su daga gida.

Wanda mai lambu ya fi saurin ganewa shi ne Mai Ɗanɗano. Ba ɓarawo ba ne, Allah ya kiyaye, ɗanɗanawa kawai yake yi. "Baba, karas ɗin nan kuwa yana da zaƙi?" Kafin Baba ya buɗe baki ya riga ya tuge, ya goge a gefen riga, ya gartsa. Da yake shi mutum ne mai adalci, ba ya yanke hukunci da guda ɗaya, sai ya ƙara na biyu don ya tabbatar. Daga karas ya wuce gurji, daga gurji ya faɗa wa yalo, idan aka yi rashin sa'a akwai rake a gefen gonar to an rabu da shi ke nan sai an tashi tafiya. A aljihunsa kullum akwai wata baƙar leda da yake rantsuwa mantawa ya yi da ita tun jiya. Ya san kunya ba za ta bar mai gona ya hana baƙo ba, ya kuma san ko bai tsinka ba ba za a bar shi ya tafi hannu rabbana ba, amma ya fi yarda da hannunsa. Maganinsa ɗaya ne, manoma kuma sun gano shi. Sai a bari ya cika baki da tumatir, sannan wani yaro ya ce da ubansa, "Baba, ba nan muka yi feshi jiya da yamma ba?"

Kusa da shi akwai Masani. Bai taɓa raya ko barkono ɗaya a gwangwani ba, amma ya ƙoshi da bidiyon noma a YouTube, Allah kuma ya hore masa murya. Malamin gona yana cikin bayanin tazarar da ake bari tsakanin shuka da shuka, sai ya yi gyaran murya: "Malam, a gafarce ni, a Isra'ila an daina kwarara ruwa haka tuntuni. Ɗigo-ɗigo ake yi." Daga nan ya tsallaka Holan, ƙasar da ba ta kai jihar Borno girma ba amma take sayar wa duniya kayan lambu, inda tumatir yake girma a ɗakin gilashi. Abin haushin shi ne duk gaskiya yake faɗa. Abin da bidiyon bai nuna masa ba shi ne kuɗin mesar ɗigon da za ta ishi kadada guda, da wanda zai kwana gadinta, da yadda lakar ruwan kanal take toshe hujojinta. Mai lambu yakan saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce, "Haka ne, yallaɓai. Allah ya kai mu." Duk wanda ya san Bahaushe ya san an rufe zance ke nan. Shi kuwa Masani sai ya koma mota yana ganin ya yi almajiri.

Ni dai wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Lissafi. Yawanci ma'aikaci ne da ritaya ta matso masa, yana neman inda zai zuba ɗan abin da za a sallame shi da shi. Waya na hannunsa, kalkuleta a buɗe. "Baba, kwando nawa kake samu a nan? Nawa ake sayar da kwando?" Da ya danna ya ninka sai ka ga ya yi shiru, ya ɗaga kai sama. Kafin a isa gona ta gaba ya sayi fili a zuci, ya ajiye yara biyar masu aiki, ya biya wa uwargida Umara. Inda lissafin ya karye shi ne ya ɗauki yawan kwandunan watan Fabrairu ya ninka da farashin watan Yuni. Manoman yankin kusan lokaci guda suke dashe, lokaci guda suke tsinka. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan cika kasuwar Kwanar Gafan har mai saye ya riƙa yanga, manomi ya koma yana yankawa yana shanyawa a rana ya yi kauɗa, don kada ya tashi a tutar babu. Lokacin da matan birni suke kukan tsadar kayan miya, wato farkon damina, gonar nan da yake tsaye a ciki ba ta da ko ƙwaya ɗaya. Farashin ma ba a lambu ake yanke shi ba. Akwai dillali, akwai mai mota, akwai doguwar hanyar zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, kwando bisa kwando cikin zafi, na ƙasa ya fara zama miya tun ba a tsallake Kwara ba.

Kalkuletarsa kuma ba ta da madannin Sharon, tsutsar nan 'yar asalin Kudancin Amurka da ta faɗa wa gonakin tumatir a 2016. Manomi ya bar gonarsa kore shar, bayan 'yan kwanaki ya tarar da ganye ya ƙone. A shekarar ce gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa ita ma ta tsaya saboda babu abin da za ta markaɗa. Kalkuletar ba ta da madannin fetur ma. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, wanda gonarsa ba ta kusa da kanal, sai da inji yake ɗago ruwa, kowace safiya da lissafin lita yake tashi. Idan ka jera wa Mai Lissafi duk wannan sai ya gyaɗa kai, ya cire kashi goma cikin ɗari "saboda tsautsayi", ya ci gaba da murmushi.

Ɗan Hoto ba ya damun kowa sai wanda ya ba wa waya ya riƙe masa. Farar shadda ya sako, da takalmi sau-ciki, ya shigo fadama. Zai ari fartanya, ya ari malafar mai gona, ya duƙa na daƙiƙa uku, ya miƙe ya duba ko hoton ya fito. Bai fito ba, rana ta bugi fuskarsa, sai ya ja da baya ya tsaya a tsakiyar fangalin albasar da aka dasa shekaranjiya. Kafin mota ta kai Kwanar Dawaki hoton yana Facebook, a ƙasa an rubuta "Matasa mu koma gona", jama'a suna ta Allah ya sanya albarka. Wahalarsa takan zo bayan mako biyu, ranar da wata gwaggonsa ta aiko a kawo mata albasa daga gonar tasa.

Sai dattijon nan, Baba A-Zamaninmu. Shi komai na yanzu bai kai na da ba. Tumatirin da ya fi ƙamshi, albasar da ta fi yaji, ruwan ma ya fi jiƙa ƙasa. Zai ba ka labarin jigo, yadda ake sunkuyar da sandar a cika guga a ɗago a juye, tun asuba har hantsi, babu inji babu hayaƙi. Zai ba ka labarin jakunan da suke shiga birnin Kano da itace su fito da taki a mangala, lokacin da ba a san kamfa da yuriya ba. Labarin gaskiya ne, yana da daɗin ji kuma. Kada dai ka tambaye shi ina gonar gidansu take yanzu, don ya bar ƙauye tun yana saurayi, gadon kuma an yanka shi fulotai. Duk da haka ina ba shi girmansa: a cikin tawagar duka shi kaɗai ne yakan tsaya ya yi wa mai gona sannu da aiki, ya tambayi iyali da lafiyar shuka, kafin ya sa ƙafa a gonar mutane.

Hajiya Mai Ciniki ba kallo ta zo ba, cefane ta zo. Ta taho da saƙon maƙwabta gida shida da buhuna a naɗe. Duk kuɗin da aka faɗa mata amsarta ɗaya ce: "Haba Baba, a gona fa muke! Ko a kasuwar 'Yankaba ai ba a ce min haka ba." Za ta taya, ta juya baya kamar ta tafi, ta dawo, a sallama mata, sannan ta nemi gyara, bayan gyara ta nemi na yara. A hanyar dawowa kowa a motar da kwandonta a cinyarsa. Amma a faɗi gaskiya, da ido kawai take gane kabejin da ya ƙulle da wanda iska ce a cikinsa, abin da Masani ba zai iya ba ko an ba shi mako guda. Kuma komai tsananin cinikinta, ita ce kaɗai take barin kuɗi a hannun mai lambu.

Akwai Mai Magani, wanda ba ruwansa da abin da aka shuka, ciyawar gefen gona yake bi. Tafasa, rai-ɗore, lalo, zogalen shinge, kowanne a wurinsa yana maganin basir da shawara da sanyi, a tafasa da jar kanwa a sha safe da yamma. Akwai kuma wanda tun a bakin titi ya tambaya ko akwai macizai, aka ce masa ba a rasa ba, ya koma mota ya ce zai yi gadin jakunkuna.

Idan masu shirya tafiyar suka yi gangancin gayyato Babban Baƙo, to ziyara ta zama taro. An ce ƙarfe goma, sai bayan azahar za a ji jiniya. Manoma sun bar ban-ruwa tun safe suna zaune a ƙarƙashin rumfa, latas yana can yana yaushi. Zai karɓi lasifika ya ce noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar, a yi tafi. Zai ce shi ma ɗan manomi ne, a sake tafi. Zai yi alkawarin taki, a yi kabbara. Ba zai wuce kunya ta farko ba saboda wani taron yana jiran sa, amma kafin ya gama jawabi yaransa sun cika bayan mota da kankana.

Kada a ɗauka masu masaukin su waliyyai ne. Su ma iri biyu ne. Akwai Mai Ɓoyo, wanda tsoron kambun baka ya hana shi amsa cewa ya taɓa cin riba tun da yake. Gona ta yi kyau har tana ɗaukar ido, ka ce masa, "Baba, bana kam an dace," sai ya ɓata fuska ya ce, "To, sai dai godiyar Allah, ganye ne kawai, ba 'ya'ya." Sabon babur yana jingine a gindin mangwaro, leda ma ba a cire daga kujerar ba, na ƙaninsa ne, in ji shi. Akwai kuma Mai Koke, wanda duk baƙon da ya gani da biro da takarda ya ɗauka daga gwamnati yake ko daga Bankin Duniya. Ba laifinsa ba ne. Tun da aka fara shirin Fadama a shekarun 1990 baƙi suke zuwa suna rubuta sunaye. Ko ka rantse masa cewa ku 'yan ƙungiyar unguwa ne, kuɗin motar ma karo-karo kuka yi, sai ya jera maka inji da taki da iri da hanyar fitar da kaya, ya kuma tsaya a kanka sai ka rubuta sunansa da na ƙaninsa mai babur.

Can a ƙarshen layin baƙin akan sami mutum ɗaya ko biyu da ba a jin muryarsu. Wata malamar firamare, ko wani yaro da aka taho da shi don a cike kujera. Su ne za ka gani sun tsuguna kusa da ɗan mai gona suna tambayar kwana nawa irin tumatir yake yi kafin a cire shi a dasa, da me ake yi wa alayyafo idan ganyensa ya fara huji, da ko latas zai yi a buhun siminti a tsakar gida. Yaron yakan ba su amsa dalla-dalla, har ya ƙulle musu 'yan tsirrai a ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba sa fitowa a hoton tawaga, don lokacin da ake ɗauka suna can suna wanke hannu a kanal.

Mai karatu, idan ƙungiyarku ta sa ranar zuwa lambu bana, ku fita da sassafe don ku sallami mutane su koma ban-ruwa kafin rana ta take. Ku bi ta kan gaɓa, kada ku ratsa fangali. Abin da kuka tsinka ku biya, ko da mai gona ya ce a bar shi. Sau biyu zai ƙi, a na uku zai karɓa. Mai Ɗanɗano kuma a caje aljihunsa tun a tasha.